Kalmar Sirrin Baba Azariya

Kafanchan, Satumba

'Yata Zipora,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, kuma aiki bai fi ƙarfinki ba a can Fatakwal. Mu nan lafiya, sai gwiwata da ke damuna duk lokacin da hadari ya haɗu. Babanki Azariya yana gaishe ki. Hawan jininsa yana nan, yana shan magani idan na tsaya a kansa. Kin san ba na iya dogon rubutu a waya, shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Ni da marigayiya mamarki Miriyam kakanninmu ne wa da ƙani, amma ɗaki ɗaya muka tashi, don haka ba na jin kunyar ɗora miki aiki.

Kin san abin da Baba ya sa kansa tun da ya bar koyarwa. Yana hawa mashin zuwa ƙauyukanmu na bayan Godogodo, ya zaunar da tsofaffi ya ɗauki muryarsu: labarai, waƙoƙi, da kalmomin yarenmu da yaran yanzu ba sa ji. Da yawa cikin tsofaffin nan sun tafi wurin Ubangiji. Har muryar mamarki tana ciki, ranar da ta ba shi labarin yadda ake aure a zamanin iyayenmu.

Duk wannan yana cikin tsohuwar kwamfutarsa. Makon jiya ya kai filash, ɗan abin nan da ake kwafar aiki a ciki, wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Da ya dawo ya sa shi, sai kwamfutar ta haukace, wasu abubuwa suna ɓuya, wasu suna ninka kansu. Aka ce bairos ne. Ranar mutumin nan ko tuwo bai ci ba.

Yanzu kuɗin sallamarsa sun fito, yana so ya sayi sabuwa ta gida. Amma kowa da shawararsa. Fasto Silvanus ya ce Windows, don ita kowa ya sani. Mai shago ya ce zai sa masa Windows ɗin da komai da komai kyauta. Wata malamar jami'a da muke zumuntar mata tare ta ce in ba Mac ba, ɓata kuɗi ne. Baba ya ce a tambayi Zipora, tunda tsaron kwamfuta ne aikinta. Wacce ce ɓarawo da bairos ba za su iya shiga ba? Ki bayyana mana da Hausa, ban da Turancinku na ofis.

Ni ce mamarki,
Hulda

Fatakwal, Satumba

Mama Hulda,

Na ji daɗin ganin rubutun hannunki. Ina lafiya, mun gode wa Allah. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma ki gaya wa Baba na ce magani ba sai an tsaya a kansa ba.

Windows da Mac da sauransu sunayen babbar manhaja ne, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Gaskiya, Mama, babu wadda ba a iya shiga. Bambancin yana wurin yawan masu gwada shiga, da kuma halin mai kwamfutar.

Windows ba ta da laifi idan ta asali ce. Tana zuwa da mai gadinta a ciki, kuma tana toshe ƙofofinta idan ana barinta ta sabunta kanta. Sai dai ita ce ta fi yawa a duniya, don haka ita masu ƙera bairos suka fi hari. Cutar da ke yawo a filash ɗin shagunan buga takardu, kusan duka don ita aka yi. Abin da mai shago ya kira kyauta kuwa kwafin sata ne da aka fasa, kuma sau da yawa ɓarawon yana ciki tun kafin a kunna. Kada ku yarda.

Malamar jami'a ba ta yi ƙarya ba, Mac tana da tsaro mai kyau. Amma tana da tsada, kuma in ta lalace sai kun nufi Abuja. Akwai wata kuma, Chromebook, ƙofarta a tsare take ƙwarai, amma yawancin aikinta da intanet ne, kuma kin san yadda sabis yake idan an wuce Godogodo.

Ni wadda na zaɓa wa Baba ita ce Linux. Ita kyauta ce ta gaskiya, ba sata ba. Irin bairos ɗin da ya kama shi ba ya aiki a kanta. Abin da ya fi burge ni kuma, zan iya kulle duk abin da ke ciki, yadda ko an sace kwamfutar an ciro ma'ajiyarta, ba wanda zai ji ko kalma ɗaya sai da kalmar sirri. Windows da Mac ma suna da irin wannan kulle, amma yawanci suna ajiye wa mutum makulli na biyu a asusunsa na intanet. Ni ba na son haka. Makullin Baba ya zauna a hannun Baba kaɗai.

Ya fara tunanin kalmar sirri tun yanzu. Ta zama doguwa, ba suna ba, ba ranar haihuwa ba. Kada ya rubuta ta a takarda, kada ya gaya wa kowa.

Zan zo bikin Jason, abokin karatuna, a Kagoro wata mai zuwa. Ku sayi kwamfutar ku ajiye, kada mai shago ya taɓa cikinta. Ni zan shirya komai da hannuna.

'Yarki,
Zipora

Kafanchan, Nuwamba

'Yata Zipora,

Alheri da salama. Mun gode wa Ubangiji da ya mai da ke lafiya. Ruwa ya ɗauke, an fara haƙar citta, gwiwata ma ta yi sauƙi. Baba yana lafiya, har ya yi ƙiba.

Har yanzu ina dariya idan na tuna ki zaune a falonmu da ɗaurin kan biki, takalmi a hannu, kina danna kwamfuta kina duba agogo don kada liyafa ta wuce ki. Ko kunun da na dama miki ba ki shanye ba. Amma aikinki ya yi kyau. Duk muryoyin sun koma sabuwar lafiya, ba abin da ya ɓata. Tsohuwar kwamfutar da kika wanke tas, ya ba matasan majami'a suna koyon rubutu da ita. Filash ɗinsa kuwa da kika ce duk sun kamu, ya tattara su ya jefa a masai, wai don kada jaraba ta sa ya sake ɗauka.

Da farko ya yi ta ƙorafi cewa Linux ɗin nan ta ɓoye masa komai a inda bai saba ba. Yanzu kuwa shi ke yi wa Fasto Silvanus wa'azinta. Ranar Lahadi bayan sujada na ji shi yana cewa, "Fasto, taku kowa ya san ƙofarta. Tawa ko ɓarawo ya ɗauka, dutse ya ɗauka."

Wani abu kuma da zai ba ki dariya. Maganarki ta kalmar sirri ya riƙe ta kamar doka ta goma sha ɗaya. Idan zai buɗe kwamfutar sai ya kare da hularsa. Na ce masa, "Malam, ni ma kowa ce?" Ya ce, "Zipora ta rubuta kowa. Ba ta rubuta sai Hulda ba." Na ce to, shekara da shekaru ina wanke maka kaya ina sanin abin da ke aljihunka, yau an samu abin da aka ɓoye mini. Muka yi ta dariya. Amma dai ki gaya mini, haka kike nufi? In haka ne ba komai, ni ba abin da zan yi da ita.

Kada ki manta da ma'ajiyar waje da kika ce za ki kawo a Kirsimeti don a yi kwafi na biyu. Baba ya ce in tuna miki. Na ajiye miki citta da acca.

Mamarki,
Hulda

Fatakwal, Disamba

Mama,

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ina lafiya, sai gajiya. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi Baba ya saba da sabuwar kwamfutarsa. Ki ce masa ya riƙa barinta tana sabunta kanta idan ya samu data.

Ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba. Ƙarshen shekara ne lokacin da masu kutse suka fi matsa wa kamfaninmu, an hana kowa a sashenmu hutu. Ma'ajiyar tana nan na saya, zan kawo ta da kaina a Ista, don ba na so in ba direba. Ba abin gaggawa ba ne, kwamfutar sabuwa ce.

Zan rubuta da tsawo idan aiki ya lafa. A ci shinkafar har da rabona.

Zipora

Kafanchan, Janairu

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, wanda shi ne ƙarfinmu. Na gode da kiran da kika yi ranar da muke asibiti a Jos, da addu'ar da kika yi mana cikin kuka. Lokacin kaina ba ya tare da ni, shi ya sa yanzu zan gaya miki komai a tsanake.

Da safe ne ya fita bayan gida duba cittar da muka shanya. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, na same shi a ƙasa, bakinsa ya karkace. Ni da na yi aikin nas duk rayuwata, na gane abin tun kafin in taɓa shi. Maƙwabta suka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, daga nan aka tura mu Jos. Shanyewar ɓarin jiki ne, gefen dama. Yanzu mun dawo gida. 'Ya'yanmu sun zo sun koma bakin aikinsu. Yana cin abinci, yana gane kowa, yana jin duk abin da aka faɗa. Amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Ko yunwa yake ji "to", ko ciwo "to". Rubutu ma ba ya fitowa.

Da ya ɗan samu ƙarfi, sai ya riƙa nuna teburinsa. Na ɗauko kwamfutar na ɗora masa a cinya na kunna. Ta tambayi kalmar sirri. Ya sa hannun hagu ya danna a hankali, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya tsaya yana kallon haruffan kamar bai taɓa ganinsu ba. Sai ya ɗago ya dube ni, hawaye suna zuba, ya ce, "To." Zipora, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ban ga mutumin nan ya yi irin wannan kuka ba.

Na gwada sunana, sunayen yara, sunan ƙauyensu, ayoyin da yake so. Ba ko ɗaya. Na kai wa wani mai gyara a hanyar tashar jirgi, ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya share komai ya sa sabo. Na karɓe kayana na dawo.

Don haka ga mu a hannunki. Ke kika kulle ta, ke za ki buɗe ta. Ki gaya mini abin da zan danna.

Mamarki,
Hulda

Kafanchan, Fabrairu

Zipora,

Ina gaishe ki. Lafiya kuwa? Tun da na turo miki wasiƙa ban ji daga gare ki ba. Waya ta nuna mini kin buɗe ta. Na kira ba ki ɗauka ba, na sake kira kika turo cewa kina mitin. Wane irin mitin ne ba ya ƙarewa?

Baba yana samun sauƙi kaɗan kaɗan. Yana tsayawa da sanda, mai gashin jiki yana zuwa. Idan waya ta yi ƙara sai ya dube ni, na san ke yake tambaya. Na gaji da ce masa aiki ne ya riƙe ki.

Idan ba ki da lafiya ki faɗa. Idan kuma wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai, ki faɗa mini a fili. Ni tsohuwa ce, alƙalamina yana gaba da tunanina. Shirun nan ya fi mini komai nauyi.

Hulda

Fatakwal, Fabrairu

Mama Hulda,

Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, in har zai karɓi gaisuwata.

Mama, ba zan iya buɗe ta ba. Ba abin da za ki danna. Ba ni ba, ba shugabana a ofis ba, ba waɗanda suka ƙera Linux ɗin ba. Haka aka yi kullen, kuma don haka na zaɓe shi. Na kasa rubuta miki wannan, shi ya sa na yi shiru. Na tambayi duk wanda na sani a wannan aiki ko akwai wata hanya. Kowa tambaya ɗaya yake mini: ba ki ajiye makulli na biyu ba? Ba ki yi kwafi ba?

Da na karanta "ke kika kulle ta," sai na ji kamar kin nuna ni da yatsa a gaban jama'a. Kuma ban ga laifinki ba, gaskiya kika faɗa.

Na koma na karanta wasiƙarki ta Nuwamba. Kin tambaye ni a fili, "Haka kike nufi?" Ban ga wannan layin ba, Mama. A cikin mota na karanta, na ga citta da acca da dariya, na rufe waya. Da na amsa miki da kalma ɗaya, a'a, da yau kin san kalmar. Masu kiran waya na ƙarya nake nufi, da yaran shago. Ban taɓa nufin ke ba.

Kuma ita Linux ɗin tana karɓar makulli fiye da ɗaya. Da na zauna na sa miki naki ranar nan, da ba a kai ga haka ba. Ina sauri in je liyafa. Na juya baya yana rubuta kalmarsa, ina jin daɗin cewa na yi aiki yadda ake koyarwa. Da na bar shi da Windows ta asali kamar yadda Fasto ya ce, da wataƙila makulli na biyu yana asusunsa mun ɗauko. Na auna tsaron kwamfutocin nan da ɓarayi da bairos. Ban auna shi da dattijo mai hawan jini ba, alhali kin gaya mini tun a wasiƙarki ta farko.

Ni na wanke tsohuwar kwamfutar. Ni na sa ya zubar da filash. Ma'ajiyar da na saya tana nan kan teburina a cikin kwalinta. Aikin shekarunsa, da muryoyin mutanen da ba za su sake magana ba, da ta mamata da ban ma zauna na saurara ba.

Abu ɗaya kawai zan iya faɗa mai amfani. Komai yana nan ciki, bai goge ba. Gwadawa ba ta ɓata komai, ko sau nawa ne. Idan ta gaji da tambaya, a kashe a sake kunnawa. Kada ki bari kowa ya share ta.

Ban san da wace fuska zan zo Kafanchan ba.

Zipora

Kafanchan, Maris

'Yata Zipora,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Muna lafiya. Zafi ya shigo, mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya har reshe yana taɓa katanga. Baba yana takawa zuwa ƙofar gida da kansa yanzu.

Ke yarinyar nan, karatu ya yi miki yawa har kin kasa karanta Hausa. Da na ce ke kika kulle ke za ki buɗe, nufina ke ce mai sani, kamar yadda ake kiran wanda ya ɗinka riga idan ta yage. Ban zarge ki ba. In zargi ne, ni fa? Ni ce nas. Ni na san abin da hawan jini yake yi wa mutum, na ga ya ɓoye kalma a kansa shi kaɗai, na mai da abin wasa. Da ba ki amsa ba, me ya hana ni sake tambaya? Abin nan yana hana ni barci, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban yarda ki ɗauke shi ke kaɗai ba, kuma ban yarda ki ɓuya mana ba.

Ba zan ce miki ba a yi asara ba. An yi. Ranar da na karanta wasiƙarki na shiga kicin na yi kukana. Sai na wanke fuska na zo na karanta wa Baba, duka, ban tsallake komai ba. Da na kai wurin da kika ce ba ki san da wace fuska za ki zo ba, ya buga sandarsa a ƙasa. Na ce, "Malam, kana fushi da ita?" Ya girgiza kai. Na ce, "Ta zo?" Ya ce, "To!" da ƙarfi har kaza ta gudu daga ƙofa. Wannan "to" ɗin na san ma'anarsa.

Tun da kika ce gwadawa ba ta ɓata komai, kowace safiya bayan ya sha koko nakan ɗora masa kwamfutar ya gwada. Mai gashin jiki ya ce hakan yana motsa masa yatsu. Wata rana yakan yi fushi ya ture ta. Wata rana yakan yi dariya. Ko za ta buɗu, Ubangiji ne ya sani. Na daina sa rai, ban kuma daina kunnawa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Ranar Alhamis matan zumunta suka zo gaishe shi. Suna cikin waƙa, sai na ji muryar namiji a ƙarƙashin tasu. Shi ne. Mutumin da ba ya iya cewa "ruwa" yana rera waƙa da kalmominta daidai. Da suka gama, bai tsaya ba, ya shiga wata ta yarenmu, irin wadda mata ke yi wurin niƙa, wadda ya koyo wurin wata tsohuwa da ta rasu bara. Na kira likitansa a Jos, ya ce hakan yana faruwa, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a kai ba. Na so in ɗauka a waya, garin sauri na danna wani abu dabam, sai hoton ƙafata na samu.

Don haka ki zo a Ista. Ki kawo ma'ajiyar nan da abin ɗaukar murya mai kyau. Ban san waƙoƙi nawa ne suka rage a kansa ba, kuma akwai tsofaffi biyu ko uku da ke da rai a ƙauye. Ni zan yi tambaya, Baba ya gyaɗa kai in na yi daidai, ke ki danna. Wace manhaja za mu zuba su, wannan ke kika sani, ba zan koya miki aikinki ba. Amma duk wadda kika zaɓa, makulli uku za a yi, kuma nawa zan faɗa wa Fasto da bakina.

Ki sanar da ni ranar da za ki taso, in aika keke ya jira ki a tasha. Kada ki tsaya neman fuska. Ki zo da wadda kike da ita.

Ni ce mamarki,
Hulda